Amsar tambayarka kan zanen da Indiyawa ke yi a ƙasa

Yaro na, naga bidiyon da ka turo min daren jiya na ɗaliban Indiya da suka durƙusa a tsakar makaranta suna zuba garin kala a ƙasa, da tambayarka wai ta yaya layinsu ke fita sumul babu rula babu burushi, kuma ko mu ma zamu iya sakawa a aikin kwalliyar biki. Ka zauna ka karanta a tsanake, don a shago in na fara bayani sai kwastoma ya shigo ya katse mu.

Sunan abin rangoli, wannan shine sunan da ya fi yaɗuwa, amma kowane yanki da nasa. A Tamil Nadu kolam suke cewa, a Andhra da Telangana muggu, mutanen Bengal alpana, a Rajasthan mandana. Ni kolam na fi sani, don lokacin da na kai yayana jinya Chennai, babban birnin Tamil Nadu, kusan wata biyu nayi a wata unguwa, kuma kullum in na fito bayan asuba neman shayi sai na tarar da wata tsohuwa maƙwabciyar masaukinmu ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta sunkuya da ɗan kwano a hannun hagu. Wallahi kafin mai shayi ya gama haɗa min ta kammala ta shige ciki. Da yamma mashin ya bi ta kai, yara sun tattake, gobe ta share ta sake wani daban.

Rular da kake nema tana nan, ɗigo ce. Su pulli suke kiranta. Kafin ta ja layi ko ɗaya sai ta jera ɗigo-ɗigo a ƙasa, misali biyar a tsaye biyar a kwance, ko layin tsakiya bakwai sai biyar sai uku sai ɗaya sama da ƙasa, tazararsu daidai. In ɗigon ya zauna to rabin aiki ya ƙare, in kuma ɗaya ya kauce duk zanen zai karkace kuma babu gyara sai dai shara. Daga nan hanya biyu ce, ko ka haɗa ɗigo da ɗigo su ba ka fure ko tauraro, ko kuma wanda suke kira sikku, inda layi baya taɓa ɗigon sam, zagaye shi yake yana lanƙwasa yana shiga yana fita har ya dawo inda ya faro. Ranar da na fara ganinsa dagin Arewa ya faɗo min a rai, irin wanda muke yi a bangon soro, wannan saƙar da ba ka gane farkonta da ƙarshenta. Ban ce ɗaya ya samo daga ɗaya ba fa, kama ce kawai, amma hannun da ya saba da dagi ba zai sha wahala a nan ba.

Sai riƙon garin, nan ne ainihin sana'ar kuma nan zaka ji jiki. Ana ɗiba kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, kana murza shi a hankali yana zuba kamar zare, hannun bai taɓa ƙasa ba yana ɗan sama kaɗan. In ka tsaya gari ya taru ya yi tudu, in ka yi sauri layi ya yanke. Na roƙi tsohuwar nan da hannu da ka don ba ma jin yaren juna, ta ba ni na gwada, abin da na zana kamar kaza tayi tone-tone, jikokinta har da riƙe ciki don dariya, ni da nake da shekara da shekaru ina riƙe burushi. Ruwan da ta yayyafa kuma ba na kwantar da ƙura kaɗai ba ne, danshin ne ke kama garin ya zauna. A ƙauyuka da kashin shanu suke dama ruwan su shafe wurin.

Asali garin shinkafa ne, wai don tururuwa da tsuntsaye su samu na kalaci, yanzu da yawa garin farin dutse suke saye a kasuwa ko su gauraya biyun don ya fi haske. Ranar biki sai su zagaye farin da jar ƙasa. A Bengal kuwa jiƙa shinkafar ake a niƙa ta zama kamar kunu a shafa da ɗan tsumma, shi wannan in ya bushe yana daɗewa.

Na ɗaliban da ka gani yawanci lokacin Diwali ne, bikinsu na fitilu, wajen Oktoba ko Nuwamba, makarantu da jami'o'i suna shirya gasa, a raba wa kowane rukuni ɗan fili a sa musu lokaci. A kudu kuma Pongal ne, bikin girbi, tsakiyar Janairu, bayan Margazhi, watan kalandar Tamil da mata ke cika titi da manyan kolam. A Kerala lokacin bikinsu na Onam da furanni suke yi, suna kiransa pookalam, kwana 10 ana ƙara zobe a kai yana faɗaɗa. Yaran makaranta sun fi iyayensu ƙarfin hali, ka ga an zana ɗawisu, fitila, taswira, saƙon tsaftar muhalli, har kumbon Indiya Chandrayaan-3 sun zana bayan ya sauka a wata ranar 23 ga Agusta 2023. Kuma suna da dabaru, rariyar shayi don baza kala ta kwanta bai ɗaya, mazurari ko gorar roba da aka huda don jan layi, murfin kwalba da cokali mai yatsu don fitar da ƙananan ado, zare da alli don da'ira. Ni ban raina wannan ba, sai dai in ka lura da kyau rukunin da layinsu ya fi tsabta zaka samu akwai yarinya ɗaya a ciki da tun tana ƙarama take yi da uwarta a ƙofar gida, ita ake bar wa farin layin ƙarshe.

Maganar ko zamu yi a nan. Ka sani su abin yana haɗe da addininsu, na Diwali ma don tarbar Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, suke yi, don haka mu ba ruwanmu da siffar abin bautarsu ko alamominsu, dabarar hannun muke so, mu zuba namu dagin da furen lalle a ƙofar holin biki ko gaban kujerar amarya. Matsala biyu na hango, iskar hunturu da tayil. A waje da rani minti goma ba zai kai ba, a kan tayil kuma gari santsi yake, sai mun shimfiɗa katako ko kwali mai kauri tukunna. Kalar ma kada ka zuba ta zalla, dunƙulewa take, ka gauraya da yashi mai laushi da ka tankaɗe. Ka fara cikawa daga tsakiya kana ja da baya, in ba haka ba gwiwarka ce zata ɓata maka aiki.

Kada ka taɓa min kala ko ɗaya yanzu, kuma kada ka je ka kwaso wa mamanka garin tuwo. Gobe ka biya wajen masu bulo ka samo yashi rabin bokiti, ka zo da rariya. Bayan shago zaka share ka yayyafa ruwa, ɗigo uku-uku kawai, kullum kafin mu buɗe har sati biyu, in na ga layin ya daina yankewa sai mu koma biyar.