Filin Lambu: Tsakar gidana siminti ce, a ina zan shuka kayan miya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidan haya nake zaune a Ɗorayi, tsakar gidan duk daɓen siminti ne. Tsadar kayan miya ta ishe ni, sai na ga a Facebook mata suna jera bulo, su cika shi da ƙasa, su shuka tumatir da latas. Anya zai yiwu a nan Kano? Ruwa ma saye muke yi a hannun 'yan garuwa.
Daga wata uwargida, Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yiwu ƙwarai. Sai dai maganar ruwan nan da kika sako a ƙarshe ita ce babba, da ita zan fara.

In kin taɓa bi ta Kura ko Kadawa da rani, za ki ga masu lambu ba sa tayar da fangali sama. Ƙasa suke yi da shi, su kewaye shi da 'yar kunya, don ruwan da aka koro daga madatsar Tiga ya kwanta ya jiƙa saiwa. Sai damina ta kankama ake yin tudu, gudun kada saiwa ta ruɓe. Hotunan da kike gani kuwa da yawansu daga Turai da Amurka ne, inda damuwarsu sanyin ƙasa da yawan danshi. Mu a nan fangalin da aka ɗaga rana na dukansa ta sama, bulon ya ɗauki zafi ta gefe, iskar hunturu kuma ta tsotse abin da ya rage. Ke dai tunda siminti ne a ƙasanki, dole ki ɗaga, amma ki shiga da sanin cewa ƙishirwa gare shi.

Ga lissafin. Fangali mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 10, a watan Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke kai maki 40, zai sha kusan jarka guda mai lita 25 kullum. Da hunturu bai kai haka ba. Ki auna kuɗin jarka a unguwarku, ki kwatanta da abin da kike ba mai kayan miya, sannan ki yanke girman da za ki yi. Ni da za ki ji tawa, guda ɗaya za ki fara da shi.

Faɗin kada ya wuce ƙafa 4, don hannunki ya kai tsakiya daga kowane gefe ba sai kin taka ƙasar ba. Ƙasar da ake takawa tana dunƙulewa, saiwa ta kasa ratsa ta. Bulo ya fi katako, gara ba ta barin katako a garin nan. Tunda haya kike, ki jera bulon kawai ba tare da siminti ba, ranar tashi ki kwashe abinki. Ki kuma ba shi tazara daga bangon ɗaki, kada danshi ya ci fenti ku samu matsala da mai gida. Sahu ɗaya na bulo ya ishi alayyahu da latas da lansir. Tumatir, attarugu da karas sai sahu biyu. A sahun ƙasa ki bar 'yan ƙofofi tsakanin bulo da bulo, ki fara shimfiɗa tsakuwa, domin ruwan watan Agusta ya samu hanyar fita. In ba haka ba kududdufi kika gina wa sauro.

Ƙasar da za ki zuba kuma, kada mai tifa ya kawo miki jar ƙasar cikon gini. Ki nemi ƙasar gona, kashi 2, ki haɗa da taki kashi 1, da buntun shinkafa kashi 1. Buntu ba ya wahalar samu a wurin masu injin casar shinkafa, yana sa ƙasa ta yi sakwa-sakwa. Bayan shuka ta fito ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko bawon gyaɗa, kaurin yatsu uku. Wannan rufin shi ne zai rage miki kuɗin garuwa fiye da komai. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shuka. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da ganye ki riƙa tara shi a bokiti, duk yana yi. Na wanki mai omo da na kwata ko kusa.

Ki fara da alayyahu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ki cuɗa shi da yashi a tafin hannu ki barbaɗa, kada ya taru wuri ɗaya. Cikin mako 3 zuwa 4 kin fara yanka, in kuma kin bar masa gindi zai sake tohowa. Shi da yakuwa da kuɓewa ba sa tsoron zafi. Latas, karas da kabeji 'yan sanyi ne, daga Nuwamba. Tumatir ki yafa irinsa a tsohuwar roba cikin Oktoba, ki dasa bayan mako 3 ko 4. In kika bari sai bazara, fure zai yi ta yi yana kakkaɓewa ba ɗa. Kada kuma ki sa ran fangali ɗaya zai hana ki aike kasuwar 'Yankaba sayen kwandon tumatir. Ganyen miya dai, wannan kin huta.

Tambaya: Malam, na zuba kashin kajin gidana a kan shukar tattasai, kwana biyu ganyen ya ƙone. Abin da ya tsira kuma ƙadangaru da kaji sun tsinke shi. Mene ne mafita?
Daga wani magidanci, Hotoro.

Amsa: Malam, ɗanye ka zuba. Kashin kaji yana da zafi fiye da na awaki da na shanu, sai ya ruɓe ake ba shuka. Ka tara shi gefe guda da busasshen ganye, ka yayyafa ruwa, ka rufe da buhu, kana juyawa lokaci-lokaci har wajen wata 2 zuwa 3. In ya yi baƙi, warin ya mutu, ka cusa hannu ciki ba ka ji ɗumi ba, to ya nuna. Wanda ya ƙone yanzu, ka kwashe kashin daga gindinsa ka yi masa ban ruwa sosai. Mai sauran kore a kara zai iya farfaɗowa.

Maganin ƙadangare da kaza tsohon gidan sauro ne. Ka wanke shi, ka kafa sanduna huɗu ka lulluɓa, ka danne bakinsa da bulo. Yana kuma tare ƙwari, har da malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar nan sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Amma in ka haɗa da kuɓewa ko kokwamba, da sun fara fure ka riƙa ɗage shi da safe, ƙudan zuma su samu shiga.