Amsa ga Yaya kan cin abinci a Madrid

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Yaya, na saurari saƙonka tun ɗazu, ina cikin jirgin ƙasa ne shi ya sa ban amsa ba. Ga waɗanda ba su ji ba, Yaya ya ce shi da Anti za su zo Madrid su yi mako guda saboda taro, an gaya musu ƙasar nan daga naman alade sai giya, har Anti ta fara ɗaura kilishi da dambun nama da Indomie a jaka. Yana tambaya ko akwai inda mutum zai zauna ya ci abinci hankalinsa kwance.

Akwai, Yaya, akwai sosai. Amma kafin in manta, Anti don Allah ki fitar da kilishin nan da dambun. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko madara daga ƙasashen waje, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi. Yajinki kam ki taho da shi, za ki neme shi, mutanen Sifaniya ba sa cin barkono yadda muke ci.

Maganar alade gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba. Za ku shiga wuri ku ga cinyoyi a rataye a sama reras, shi ne abin da suke kira jamón. Wannan mai sauƙi ne tunda ido na gani. Wanda ke ɓoye shi ne abin lura. Miyar lentejas da za ka ɗauka wake ne zalla, galibi akwai chorizo a ciki, wato naman alade da aka cusa a hanji. Croquetas, wasu 'yan dunƙulen ƙullu da ake soyawa, yawanci da jamón ake yi. Salmorejo, wata miyar tumatir mai kauri da ake sha da sanyi, a kanta ake barbaɗa shi, sai ka ce a kawo maka ba tare da shi ba. Har kayan zaƙi irin su polvorones da ensaimada da kitsen alade ake kwaɓa su. Saboda haka ku riƙe kalmomin nan, ga su: sin cerdo (ban da alade), sin jamón (ban da jamón), sin vino (ban da giya). Ku faɗi jamón ɗin daban, don wani ma'aikacin in ka ce ba ka cin alade zai ce to, ya kawo maka abu da jamón a kai da zuciya ɗaya, shi a wurinsa wannan ba ya cikin lissafi. Kuma ku tambayi ko an zuba giya a girkin, musamman a miyar kayan teku.

To amma abin da nake so in roƙe ku shi ne kada tsoron nan ya sa ku kulle kanku a ɗakin otal kuna jiƙa Indomie, ko ku yi mako guda kuna cin shawarma. Wallahi zai yi min ciwo. Ƙasar nan Musulmi sun yi mulki a sassanta daga 711 har 1492, kuma shinkafa da za'afaran da lemon tsami da suke alfahari da su yau, a wancan zamanin nomansu ya kafu. Kifi ne da su iri-iri, ga ƙwai, ga dankalin turawa, ga man zaitun da babu ƙasar da ta kai su samar da shi a duniya. Mutum zai ci ya ƙoshi bai kusanci haram ba.

Ku fara da sanin lokaci, don shi ne ke fara wahalar da baƙo. Abincin rana a nan daga ƙarfe 2 ne zuwa 4. Na dare ba a fara shi sai wajen 9. In kuka fita ƙarfe 7 da yunwa, wurare da yawa za ku tarar ba a kunna wuta ba. Dabarar ita ce ku mai da abincin rana ya zama babban abincinku, ku nemi allon da aka rubuta menú del día a ƙofa. Tun shekarun 1960 tsarin nan yake, kuma shi ma'aikata ke ci: kwano na farko, na biyu, burodi, abin sha da ɗan kayan zaƙi, duka kuɗi ɗaya, galibi Yuro 12 zuwa 16. Galibi ana samun kifi a cikin zaɓin. Ruwan famfo kuma kyauta ne in ka nema, doka ce tun 2022, kuma na Madrid yana da daɗin sha.

Wurin da zan fara kai ku shi ne Casa Labra, dab da dandalin Sol, tun 1860 suke nan. Kifin bacalao suke soyawa a cikin ƙullu, ka tsaya a layi, a miƙo maka da zafinsa, waje ya yi ƙarau, ciki fari tas yana ɓarewa da kansa. A tsaye ma mutane ke ci. Sai tortilla, wainar ƙwai da dankali mai kauri, wadda su kansu har gobe ba su gama gardamar ko a sa mata albasa ko kar a sa ba. Ni ina tare da masu albasa. Da safe ko bayan isha'i kuma mu je San Ginés, wanda aka buɗe a 1894, a ci churros ana tsomawa a cakulan mai kauri. Gari ne da ruwa da gishiri aka soya, Anti za ki so shi. Abokan taronka, Yaya, wataƙila su ja ka Botín, wanda aka kafa a 1725, ake cewa shi ne gidan abinci mafi daɗewa a duniya. Wurin ya cancanci gani, sai dai abin da ya yi suna da shi gasasshen ɗan alade ne, to in ka je ka tsaya a kan kifi.

Yanzu paella, dafa-dukan shinkafarsu. A nan nake so ku saurare ni da kyau, don ita ce aka fi cutar baƙi da ita. Duk inda kuka ga an kafa hotunanta kala-kala a bakin ƙofa, wani yana tsaye yana kiran masu wucewa, ku wuce abinku. Yawanci daskararriya ce ake ɗumamawa. Ta gaskiya sai ka yi oda ake ɗora ta, za ka jira kamar rabin awa, kuma ba a yi wa mutum ɗaya, daga biyu ake farawa. Abincin rana ce, ba ta dare ba. Asalinta daga Balensiya ne, gonakin shinkafar da ke kewaye da tafkin Albufera, kuma ta asalin da kaza da zomo da koren wake ake yi. Tunda naman ba mu san yankansa ba, ni ta kayan teku nake ci ko ta ganye. Na san malamai sun yi magana a kan yankan Ahlul Kitabi, wannan kowa da fahimtarsa, Yaya ka fi ni sani.

Za a kawo muku ita a faffaɗan kasko mai hannu biyu, shinkafar a shimfiɗe siririya, ba ta fi kaurin yatsa ba, ta yi ruwan ɗorawa saboda za'afaran, kowace ƙwaya a ware. Ba a juya ta a wuta. Ku matsa lemon tsami kaɗan, ku ci daga gefenku zuwa tsakiya. In kun kai ƙasa, ku sa cokali ku kankare ƙanzon. Su socarrat suke ce masa, da gangan mai girki ke ƙara wuta a ƙarshe don ya kama, kuma duk romon kifin a nan yake taruwa. In kuna da rana guda ta hutu, jirgin ƙasa mai gudu bai kai awa biyu ba zuwa Balensiya, daga nan a shiga mota zuwa ƙauyen El Palmar, a ci ta a tsakiyar gonakin shinkafar. Ni a ganina ya fi yawon kantuna.

Ranar da kuka gaji da kifi, bakinku ya nemi nama da yaji, sai mu gangara Lavapiés. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 ke kai mutum. Unguwar baƙi ce, akwai 'yan Senigal, akwai 'yan Maroko, kuma titin da ke ɗauke da sunan unguwar cike yake da gidajen abincin Indiya, tebura a waje, ƙamshin citta da kanumfari da kirfa tun daga bakin tasha. An rubuta Indiya a allo, amma da yawa daga masu wuraren 'yan Bangaladash ne, Musulmi, za ka yi sallama a amsa maka. Duk da haka ku tambaya ko naman halal ne, ba abin kunya ba ne, sun saba. Wasu suna sayar da giya ga masu sha, in hakan zai dame ku akwai waɗanda ba sa sayarwa.

Akwai wani ɗan ƙarami da na fi so, ba shi da ado ko kaɗan, amma daga inda kake zaune kana hango mai gashi. Zai mulmula ƙullun naan, wato gurasarsu, ya buɗa shi a tafin hannu, ya zura hannu cikin tanderun ƙasa ya manna shi a jikin bango, kafin ka gama wanke hannu ya kumbura, ya zaro shi da ƙarfe ya shafe da man shanu da tafarnuwa. Da shi ake dangwalar dal, miyar wake mai kauri, da shi ake cin palak paneer, wato alayyahu da cuku. Biryani ɗinsu na rago shi ne dalilin zuwana. Ana jera nama da shinkafa basmati hawa-hawa a tukunya, a rufe bakin a bar su su turaru tare, salon da Haidarabad ta yi suna da shi. In aka buɗe, wata ƙwayar fara, wata ja, ga soyayyar albasa, nama yana saki daga ƙashi. Ku nemi raita a gefe, kindirmo ne da kokwamba, yana kwantar da zafin. Kuma ku gaya musu a fili ku 'yan Najeriya ne, a sa yaji na sosai, don sun saba rage shi saboda mutanen gari.

Chicken tikka masala, gasasshiyar kaza a cikin miya, za su fara nuna muku, ba laifi, amma a Birtaniya ya yi suna, kuma zaƙinsa ya yi yawa a bakina. Vindaloo kuwa, wani girkin nama a miya, daga jihar Goa ta Indiya yake, gadon Turawan Fotugal, asalinsa da alade ake yi, a nan da rago ko kaza suke yi, mai tsami da zafi, Yaya irin naka ne. Abin da ba a cika samu a titin ba shi ne abincin kudancin Indiya. Kawu da ya yi jinya a Chennai zai ba ku labarin dosa, ƙullun shinkafa ne da ya kwana ya yi tsami, kamar sinasir ɗinmu sai dai ya fi shi faɗi da ƙarau, ana ci da miyar sambar mai tsamiya. Indiya ƙasa ce babba, abin da za ku ci a Lavapiés na arewa ne da na Bengal.

Abu ɗaya da zan ƙara, kada ku yi gaggawar tashi in kun gama. A nan ba a korar mutum daga tebur, ba a kawo takardar kuɗi sai ka nema, ana zama a yi ta hira bayan abinci har awa guda. Ɗan abin da za ka bar wa ma'aikaci ba dole ba ne, Yuro ɗaya ko biyu ya isa.

Ranar Juma'a kuma sai mu yi salla a babban masallacin da ke gefen titin M-30, wanda aka buɗe a 1992, daga nan mu wuce cin biryanin. Yaya, turo min ranar saukarku da sunan unguwar da otal ɗin yake, in kama mana tebur na paella tun da wuri, don ranar Lahadi ba a samun wuri. A gaishe min da Hajiya da yaran. Sai da safe.