Duba cikin tarwada da na'ura: amsar wasiƙun masu kiwon kifi

Wani Alhaji mai tafkuna kusa da madatsar Lagdo ya rubuto cewa yana yi wa iyayen tarwada allura amma ƙwai ya ƙi sauka. Ya ji ana duba cikin kifi da ekografi, irin ta awon ciki a asibiti. Ko ya saya?

Alhaji, ana yi. Na'urar tana tura sauti cikin jiki, abin da ya dawo shi ke zama hoto. A kan kifi ma ta fi sauƙin aiki, domin ruwa na ɗaukar sauti: a sa kifin a baho, a ɗan kwantar da shi da man kanumfari, a ɗora kan na'urar a cikinsa. A Faransa masu kiwon istajin, kifin nan mai ƙwai mai tsada, da ita suke ware mace da namiji, saboda ido ba ya bambance su.

Ita kuwa tarwada ba ta ɓoye komai. Juya ta rigingine. Namiji yana da tsiro mai tsini a bayan dubura, na mace a zagaye yake. Ka hana ta abinci kwana guda tukuna, don ƙoshi yana yaudarar mutum ya zaci ƙwai ne. Cikin da ya nuna yana da laushi, in ka matsa a hankali ƙwai kaɗan zai fito, kore-kore mai ruwan ƙasa, girmansa ɗaya. In fari ne, manya da ƙanana a gauraye, mayar da ita ruwa. Na gaji da faɗa: ku daina auna Ovaprim, maganin allurar da ke sa ƙwai ya sauka, da ido! Rabin mililita ne ga kowane kilo, sai an ɗora kifin a sikeli. In ɗumin ruwa ya kai digiri 27 zuwa 28, awa 10 zuwa 12 ake jira bayan allura kafin a tatsi ƙwan. Da hunturu ya fi haka, ballantana a gari mai sanyi kamar Gaundare. Sayi sikeli da ma'aunin zafi, ka bar kuɗin na'urar a aljihu.

Inda na yarda na'urar za ta taimaka shi ne namiji, tunda sai an yanka shi ake samun maniyyinsa, wani lokaci a tarar babu. Ko nan ma, a nemi likitan dabbobi mai ita.

Hajiya daga Garwa ta ce 'ya'yan kifinta bayansu ya karkace, wasu kansu ya tsage, ko a ɗauki hoton ƙashi? Hajiya, hoton zai nuna miki abin da kika riga kika gani. Galibi ƙarancin bitamin C ne, kuma buhun abincin da ya daɗe a ɗaki mai zafi yana rasa shi. Canza abinci, ki daina zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a banza.

Mai tambaya daga Maga kan kumburin cikin kifi: farke kifin da bai daɗe da mutuwa ba, duba hanta da ruwan da ya taru, ka kai wani da ransa ofishin ma'aikatar kiwo.