Ɗan kwangila ya ce shi kaɗai ya isa: wa zan biya, wa zan bari?

Wani ɗan kasuwa mai harkar sari ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: shi da abokan kasuwancinsa biyu sun haɗa kuɗi za su sayi fili su gina bene mai shaguna a ƙasa da gidajen haya a sama, sai aka kawo musu jerin mutanen da wai dole a biya, lauya, safiyo, mai gwajin ƙasa, akitek, injiniya, mai ƙididdigar kayan gini, mai sa ido. Shi kuma ɗan kwangilar da suka samu ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, a ba shi aikin kawai zai ji da komai. Yana tambaya a cikin waɗannan wa ya fi muhimmanci, wa kuma za a iya tsallakewa.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Toh ni yadda nake auna su ba da girman takardar shaida ba ne ko yawan kuɗin da suke caja, tambaya ɗaya nake yi a kan kowanne, idan wannan mutumin ya yi kuskure, ko ba a kira shi ba sam, za a iya gyarawa daga baya kuma nawa gyaran zai ci? Da ka yi wannan awon za ka ga waɗanda suka fi araha kuma aka fi raina su, su ne a sahun gaba.

Lauya da safiyo tukuna, kafin ko sisi ya fita daga hannunku zuwa ga mai fili. Lauya ya je ofishin rajistar filaye ya bincika da kansa, sunan wa ke kan takardar, an jinginar da filin a banki ko ba a jinginar ba, akwai shari'a a kansa, akwai magada da ba su sa hannu ba, sannan hukumar tsara birni ta yarda a yi shaguna da bene a wurin ko unguwar an ware ta ne don gidajen zama kawai. Safiyo kuma ya auna ya tabbatar filin da aka nuna muku da yatsa shi ne wanda ke cikin takarda, kuma bai ci hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babban layin wuta ba. Kuskuren fenti ana sake shi a sati guda, amma gini a filin da ba naka ba babu injiniyan da zai gyara maka shi. Kuma don Allah lauyan ya zama naku, kada ku yarda da na mai sayarwa ko wanda dillali ya kawo. Tunda ku uku ne, shi wannan lauyan ya rubuta muku yarjejeniya a tsakaninku tun yanzu da ake dariya, kason kowa, wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, me za a yi idan ɗaya ya kasa kawo nasa kason a tsakiyar aiki ko ya rasu, saboda gine-gine da yawa da ka ga sun tsaya a linta rigimar masu su ce ta tsayar da su ba siminti ba.

Akwai wanda ma ba ya cikin jerin da aka ba ku kuma ni ina sa shi kusa da sama, wato masanin kimar gidaje da kasuwar haya. Ku 'yan kasuwa ne, ba za ku saro kaya ba ku san ko ana nemansu ba, toh gini ma haka ne. Shi zai faɗa muku irin gidan da ake nema a yankin, mai ɗaki biyu ne ko uku, nawa ake biyan haya a zahiri ba abin da dillalai ke faɗa ba, shaguna nawa ne a kusa suke rufe babu mai kamawa. Daga nan ne za ku lissafa shekara nawa kuɗinku zai dawo, idan lissafin bai fita ba ku fasa tun kuna da kuɗinku a hannu.

Sai mai gwajin ƙasa, wanda na san shi ɗan kwangilar zai fara cewa a cire. Aikinsa ya haƙa ramuka ya ɗebo ƙasa ya kai ɗakin gwaji ya ce ga nauyin da za ta iya ɗauka, ga zurfin ruwan da ke ƙasa, yumɓu ne mai kumbura da damina ya tsuke da rani ko cike aka yi da shara. Injiniya da wannan sakamakon yake zana fandisho, in babu shi kintace kawai zai yi, ko ya zuba rodi da kankare fiye da kima ku yi asara, ko ya rage ginin ya tsage. Hasumiyar Pisa ta Italiya an fara ta a 1173, tun ana hawa na uku ta fara karkata saboda ƙasar wurin mai laushi ce kuma harsashin bai yi zurfi ba. Kar ka ce ai wannan zamanin da ne, a San Francisco ta Amurka akwai wani bene Millennium Tower mai hawa 58 da aka gama a 2009, zuwa 2016 aka bayyana ta nutse kusan santimita 40 kuma tana karkata, turakun harsashinta ba su kai ga dutsen ƙasa ba, gyaran ya ci kusan dala miliyan 100. Masu kuɗi ne da manyan ƙwararru, amma ƙasa ba ta duba wannan.

Tsakanin akitek da injiniyan ƙarfin gini mutane suna rikita su. Akitek shi ke tsara yadda za a zauna a ciki, iska, haske, matakala, inda mota za ta tsaya, kuma nagari yana ƙara muku kuɗin haya don zai fitar da shago shida masu kyau a inda wani zai fitar da huɗu. Injiniya shi ke cewa fila nawa, rodi mai kauri nawa, dakin, wato kankaren da ake zubawa tsakanin hawa da hawa, ya kai kauri kaza. A bene ba na yarda a tsallake injiniya ko kaɗan, kuma ba zane kawai zai ba ku ya tafi ba, ya zo ya duba ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, don da zarar an zuba shikenan babu mai sake ganin abin da ke ciki. A ɗebi samfurin kankaren a gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28. Duk wani canji da ɗan kwangila zai kawo, komai ƙanƙantarsa, sai injiniya ya sake lissafi ya sa hannu. A 1981 a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City ta Amurka, an canza yadda aka rataye gadojin tafiya na cikin otal ɗin don a sauƙaƙa aiki, aka amince ba tare da an sake lissafi yadda ya kamata ba, canjin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar ƙarfen, gadojin suka rufto mutum 114 suka mutu. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna, saboda a takarda canjin bai fi ƙaramin layi ba.

Mai ƙididdigar kayan gini shi ne mutuminka a matsayinka na ɗan kasuwa. Zai rubuta komai dalla-dalla, buhun siminti nawa, tan ɗin rodi nawa, bulo nawa, kuɗin aiki nawa, da wannan takardar za ku kira 'yan kwangila uku su sa farashi a kan abu iri ɗaya ku kwatanta, kuma shi zai riƙa auna aikin da aka yi kafin a biya kowane kaso. Amma sai zane ya kammala, kar zumuɗi ya sa ku fara haƙa ana cewa za a ƙarasa zane a hanya. Gidan wasan opera na Sidni a Ostareliya haka aka yi, an fara gini a 1959 zane bai gama ba, an ƙiyasta dala miliyan 7 na ƙasar, aka ƙare a miliyan 102, sai 1973 aka buɗe shi. Gwamnati ce ta iya jurewa, ku jarin shagonku ne zai tafi.

Yanzu maganar ɗan kwangilar naku. Ba ina cewa macuci ba ne, wataƙila gwani ne, kuma gini ba ya tashi sai da shi. Matsalar ita ce ribarsa tana cikin abin da ya rage daga kuɗin da kuka ba shi, toh idan shi ya zana, shi ya ƙididdige, shi ya gina, shi kuma ya duba kansa ya ce ya yi daidai, kamar ka bar mai sayarwa ne ya auna maka kaya da sikelinsa kai kana waje. Mai sa ido dole ya zama daga aljihunku ake biyansa kuma ku yake kawo wa rahoto. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin kwangila har sai an yi wata shida ko shekara da gama aiki an ga babu yoyo babu tsagewa, a rubuta wannan a yarjejeniya tun farko.

Inda za ku iya ragewa akwai. A aiki mai girman naku ba sai kun ɗauki manajan aiki daban ba, akitek ko injiniyan zai iya haɗawa da sa ido idan kun yi ciniki da shi a kan haka, a rubuta sau nawa zai zo wurin. Mai ƙawata ciki da mai tsara furanni su jira. Zanen wuta da ruwa kuma kar a bar wa mai wayarin da fulamba su yi da ka, a samu injiniyan fannin ya zana ko da sau ɗaya ne za a biya shi, don fasa bango a nemo bututu bayan an yi fenti yana da ciwo. Kowanne a cikinsu ku nemi lambar rajistarsa da hukumar da ke kula da sana'arsa ku tabbatar, ku je ku ga gini biyu da ya yi ku yi magana da masu su ba a gabansa ba. Sannan ku ware kamar kashi 10 cikin ɗari na kasafin a gefe don abin da ba a zata ba, kuma kada ku faɗa wa ɗan kwangila akwai shi.

Idan lauya ya gama bincike, turo min abin da ya samo da kiyasin hayar yankin mu duba lissafin tare kafin ku biya kuɗin filin.