Close: kusa take nufi ko rufewa?

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa close wani lokaci take nufin kusa, wani lokaci kuma rufewa ko gamawa. Rubutun ɗaya ne amma a baki kala biyu ce, ƙarshenta za ka saurara.

In ka ji sautin s, kamar "kulos", to kusanci ake magana. My house is close to the market, wato gidana na kusa da kasuwa, close friend kuma amininka ne na ƙut da ƙut, haka in an buga ƙwallo aka tashi 2 da 1 sai ka ji ana cewa close match don da ƙyar aka ci.

In kuma da z ne, "kuloz", aikatau ce. Close the door, rufe ƙofa. Close the meeting, a rufe taro, kuma ai taron da aka rufe ya ƙare kenan, ka ga inda gamawa ta shigo. Asalinta daga Latin ne, claudere, ma'ana rufewa, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci.

Ka lura da allunan unguwa a Abuja ko Kaduna masu ɗauke da Close, layi ne da ba ya ɓullewa, shi ma da s ake faɗa.

Amma don Allah ka kula da wannan, nan yara ke faɗuwa a jarabawa kuma abin yana damuna: the shop is close, shagon na kusa ne. In a rufe yake sai ka ƙara d, the shop is closed.