Amsar tambayarka kan bashin banki da bashin kasuwa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya daidai. Ka ce malaminku ya nuna muku cewa rancen da bankuna ke ba 'yan kasuwa da kamfanoni a Najeriya bai kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, kana tambaya ko al'adarmu ta gudun bashin banki ce ta danne mu. Lissafin malaminku daidai ne, sai dai ka fara sanin abin da mudun yake aunawa.

Ana tara duk rancen da bankuna suka ba wanda ba gwamnati ba, a gwada shi da arzikin shekara. In ya yi ƙasa ƙwarai, alama ce mai sana'a ba ya samun jarin da zai buɗa. Tsoron riba, wato kuɗin ruwa, yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, kowane banki kuma ya ɗora nasa a kai. Wane injin niƙa ne zai fitar da wannan har mai shi ya ci abinci? Sannan ga jingina: takardar mallakar fili suke nema, gidajen gado na cikin birni kuwa galibi ba su da ita.

Hawan adadin ma ba kullum ne alheri ba, wata ƙibar kumburi ce. A 2005 gwamnan Babban Banki na lokacin, Soludo, ya tilasta wa kowane banki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, kuɗi suka yi musu yawa. Suka rabar da rance ga masu sayen hannun jari da masu shigo da mai. Kasuwar hannun jari ta faɗi a 2008, a Agustan 2009 magajin Soludo, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓen bashin. Saboda haka ka riƙa duba saurin hawan, da inda kuɗin suka tafi, da nawa ne suka maƙale.

Abin da mudun nan ba ya gani shi ne bashin kaya, wanda kasuwanninmu ke tsaye a kansa. Ɗauki Kantin Kwari. Baƙo ba ya zuwa haka kawai a ɗora masa dila. Sai wanda mai shago ya sani ya tsaya masa. Zai fara da kuɗi hannu sau uku ko huɗu, sannan a ba shi turmi kaɗan bashi, a rubuta a littafi: rana, yawan turmi, farashi da wa'adi. In ya dawo, sai ya biya na baya kafin ya ɗauki sabo. Ya cika alkawari a ƙara masa, ya saɓa a rage. Farashin bashi yakan ɗara na kuɗi hannu, amma a yanke shi tun ranar ɗauka, kuma ba a ƙara ko kwabo don an yi jinkiri. Nan ne ya rabu da kuɗin ruwa. Rubutun ma umarni ne, yana aya ta 282 a Suratul Baƙara, kuma yawancin rigimar da ke kaiwa gaban shugabannin kasuwa daga barinsa take tasowa, don ana jin kunyar a ce wa ɗan'uwa ya sa hannu.

Inda tsarin ke karyewa shi ne faɗuwar naira. A ce ka ba da turmi a dubu 20, wa'adin wata biyu. Kafin a biya ka, sarinsa ya koma dubu 25. An biya ka cif, amma jarinka ya zaizaye. Bayan an saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023 wannan ya ci mutane da dama. In ka ji manyan dilolin Kwari da Singa sun koma cewa sai kuɗi hannu, ko sun mayar da wa'adin wata zuwa mako, to matsi ya shigo tun kafin rahoton Babban Banki ya fito.

Iyakarsa kuma ita ce bashin kaya na makonni ne, ba zai gina masaƙa ba. Wannan sai jari na shekaru, shi ya sa nake so ka karanci yadda bankin Musulunci na Jaiz, da ya fara aiki a 2012, yake sayen kaya ya sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka yanke tun farko. Ka gaishe da mutanen gida.