Ciwon Ƙwauri da Takalmin Gwanjo: Shin Sai Na Sayi Mai Tsada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na fara gudun dogon zango a nan Jos. Da kilomita 15 na fara a mako, yanzu na kai 40, don ina son shiga tseren kilomita 10 na gasar Legas a watan Fabrairu. Ƙwaurina na dama ya fara ciwo ta ciki. Kambas ɗin gwanjo nake sawa, kuma masu bidiyo a TikTok suna ta cewa sai takalmi mai farantin kabon, wato siririn faranti mai tauri da ake sawa cikin tafin takalmi. In saya? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Amsar tana cikin lissafin da ka kawo da kanka: daga 15 zuwa 40 cikin mako takwas. Huhu da zuciya suna saurin sabawa da gudu, shi ya sa kake jin haki ya ragu har kake ƙara nisa. Ƙashi da jijiyoyi kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Ka ɗora wa ƙwauri kayan da bai kai ɗauka ba, ga kwalta, ga gangaren Jos da ke dukan ƙafa fiye da hawan tudu.

Kafin komai ka duba irin ciwon. Zauna, ka bi gefen ƙashin ta ciki da yatsa kana dannawa. Idan zafin ya bazu, tsawon yatsu uku ko huɗu ko fiye, kuma yana lafawa in jiki ya ɗumama, yawanci gajiyar ƙashi ce da naman da ke manne da shi. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, yana soka in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko yana damunka kana kwance da dare, to ka daina gudu yau ka ga likitan ƙashi. Wannan alamar tsagewar ƙashi ce, kuma hoton ƙashi kan kasa nuna ta a makonni biyu zuwa uku na farko, don haka kada hoto mai kyau ya sa ka koma titi da ciwo.

In na farkon ne, ka mayar da gudunka kilomita 20 a mako har mako biyu, kwana ɗaya gudu, kwana ɗaya hutu. Nemi burji ko filin ƙwallo, ka bar gangara. Rage faɗin taku, ƙafa ta riƙa sauka ƙarƙashin jikinka maimakon can gaba. Kullum ka tsaya a bakin matakala kana ɗaga diddige sama kana sauke shi a hankali, sau 15, zagaye uku. Ciwo ya tafi, sai ka riƙa ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a mako, mako na huɗu kuma ka sassauta.

Yanzu takalmi. Gwanjo ba laifi ba ne, matsalarsa ita ce ba ka san nisan da mai shi na farko ya ci da shi ba. Takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin soson da ke tsakanin tafinsa da ƙafarka ya mutu, kuma soso kan mutu alhali saman takalmin yana ƙyalli kamar sabo. Nan ne ake cutuwa, domin wanki da goga suna gyara sama, ba sa tayar da soso.

Idan ka shiga kasuwar Katako ko ta Taminus, ka tafi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita. Ɗora takalmin a kan tebur ko siminti marar gargada ka kalle shi ta baya, daidai ido. Ya karkata gefe ɗaya? Ajiye shi, takun wani ya riga ya zauna a ciki. Duba gefen soson: layuka masu zurfi kamar fatar da ta yamutse suna nuna ya daɗe da danƙarewa. Zare shimfiɗar ciki ka danna babban yatsa da ƙarfi a wajen diddige da wajen tushen yatsu. Ya kamata ya lotsa ya dawo, ba ka ji kamar katako ba. Lanƙwasa shi: a wajen tushen yatsu ya kamata ya lanƙwashe, in ya naɗe a tsakiya kamar silifas ya gama aiki. Matsa bayan diddigen, ya zama da tauri. Leƙa ƙarƙashin harshen takalmin ma, wasu kamfanoni kamar Nike suna buga kwanan watan ƙira a wurin, kuma gam da soso suna bushewa da shekaru ko ba a taka su ba.

Girma kuwa, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Matsattsen takalmi ne ke baƙanta farce ya jawo bororo. Kuma a ganina gwanjo na asali mai sauran rai ya fi sabon jabu mai tambarin babban kamfani, wanda tafinsa roba ce zalla.

Shi takalmi mai farantin kabon gaskiya ne yana aiki. Nike Vaporfly 4% da ya fito a 2017 ya samo sunansa daga gwajin da ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin takalmin tseren titi a milimita 40 a 2020. Amma a kan gwanaye masu tsananin gudu aka yi gwajin, takalmin na ranar tsere ne, sosonsa yana saurin mutuwa, kuma taurinsa yana sauya inda nauyi ke faɗawa a ƙafa. Ba maganin ciwon ƙwauri ba ne. Masu bidiyon nan da yawa tallar kaya suke yi, ba su kuma san nisan da ka yi a makon jiya ba.

Abu ɗaya game da Legas. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200, kuma atisayenka zai faɗo cikin sanyin hunturu, can kuwa zafi ne da gumi tun da safe. A makonni biyu na ƙarshe ka mayar da gudu biyu ko uku zuwa hantsi, da ruwa a hannu, ka kuma isa Legas da takalmin da ƙafarka ta riga ta yi aƙalla kilomita 50 a cikinsa.